Tagar Tsohon Tela

Mai gidan haya ya zo da takardar notis ta takwas a hannu, sai ya tarar da 'yar tsohon tela tana ɗaure keken ɗinki da igiya.

"Ina baban naki? Ko yau ma ɓuya ya yi?"

"Shekaranjiya aka binne shi, Baba. Sanyi ne ya kama masa ƙirji." Ta miƙa masa makulli. "Ya ce in gode maka. Wai takardunka ne kaɗai gyaran da ka taɓa yi wa ɗakin nan."

Bai gane ba sai da ta tafi. Gilashin tagar da ke saitin gado ya fashe tun daminar bara. Sau nawa tsohon ya tare shi yana dariya, "Ranka ya daɗe, tagar nan fa ta fi ni tari," shi kuwa ya ce a biya haya tukuna.

Ga takardunsa bakwai an nannaɗe an cusa a inda gilashin ya fashe, kowacce da sa hannunsa.

Ya zare ɗaya. Iska ta kutso da wata 'yar ƙara, kamar numfashin mai ciwon ƙirji. Ya waiga, ba kowa sai gado ba katifa.

Ya mayar da takardar. Ƙarar ba ta daina ba. Sai ya nannaɗe ta takwas ɗin ya cusa, ya tsaya yana saurare.