Mai Ba Mikail Baiti

Gambo ya kashe rediyon a fusace. Karo na uku ke nan Mikail na Dala yana yi masa kaca-kaca a gambarar zamani, har da zancen fitsarin kwancensa na yarinta.

"Gwaggo, yaron nan ko baiti ɗaya bai iya haɗawa ba. Wallahi wani ke ba shi!"

Gwaggo Mailafiya ta ci gaba da dakanta. Waƙoƙin dakan nan nata Gambo ya kwashe ya yi suna, sannan ya shiga rediyo ya ce a titi ya samo basirarsa, waƙar tsofaffi ta mutu.

Ta jingine taɓarya, ta share gumi.

"Ta huɗun ta fi zafi, ɗan nan. Ran Juma'a za ta fito."