Hular Aro

Auta yana kwance a asibiti, an ɗaure masa idanu da bandeji, na'ura ce ke taya shi numfashi. Tela ne mai 'ya'ya biyu wanda kasuwa ta ƙi, ya bi mijin yayarsa aikin fenti a wata masana'antar takin zamani. A kwana na uku da fara aikin, da hantsi, iskar amoniya mai guba ta tsinke daga wani bututu, shi kuwa ya ruga ta inda iskar ta nufa.

Mijin yayar tasa, wanda kowa ke kira Mai Fenti, ya daɗe yana bin 'yan kwangila daga wannan masana'anta zuwa waccan. Ya san dokar wurin. Ba a barin ma'aikacin kwangila ya wuce ƙofa sai ya zauna bitar kare kai, sannan a manna masa koren tambari a hular kwano. Tambarin kaɗai mai gadi ke dubawa.

Ranar Litinin ake bitar. Auta ya zo Talata.

"Sai mako mai zuwa ke nan?" Mai Fenti ya tambayi foman ɗinsu, wato shugaban ma'aikatan kwangilar.

Foman ya yi dariya, ya jawo wani buhu daga bayan mota. Hulunan waɗanda suka bar aiki ne, kowace da tambarinta.

"Zaɓar masa daidai kansa. Bitar nan mene ne a ciki ban da zaman kujera da gyangyaɗi? Kai ka karanta masa a hanya."

Auta ya ɗora wata, ta sauko masa har kunne.

"Yaya, wannan ai kwanon wanki ka ba ni."

"Kanka ne ƙarami kamar na allura. Rufe baki ka saurara."

Daga bakin ƙofa zuwa inda tankunan suke, Mai Fenti ya faɗa masa abin da ya tuna. Ba sigari, ba waya, ba cire takalmi, kada ya taɓa abin da ba a sa shi ba. Suka wuce ƙarƙashin wani dogon ƙarfe mai jan ƙyalle a samansa, kamar ƙafar wando, iska na kaɗa shi. Mai Fenti bai ce komai a kansa ba. A duk shekarunsa bai taɓa jin jiniyar gas ba sai ta gwaji.

Ranar Alhamis foman ya aiki Auta ya ɗauko galan ɗin fenti a sito. Bai jima da tafiya ba jiniya ta ɗauka.

Mai Fenti ya sauko daga tsani, ya ɗaga kai ya dubi jan ƙyallen kamar yadda aka koya musu. Jelar ƙyallen na nuna ƙofar shiga, wato can iska ke kai gas ɗin. Ya yanke ta gefe tare da sauran, suka nufi filin taruwa. Warin ya riga ya fara sukar hanci.

A filin ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Babu Auta.

Jami'ar tsaron lafiya ta tsaya a gabansu da rediyo a hannu. "Kowane foman ya duba mutanensa. Akwai wanda bai fito ba?"

Foman ya riƙe hannun Mai Fenti, ya matse.

"Dakata tukuna," ya ce a hankali. "Zai fito. Kana yin magana za su gane hular, a kore mu gaba ɗaya."

Mai Fenti ya dakata. Ya zuba wa lungun sito ido. Mutum biyu suka fito daga can suna tari, babu Auta a cikinsu. Jami'ar ta fara ɗaga rediyon za ta sanar cewa kowa ya riga ya fito, sannan Mai Fenti ya fizge hannunsa daga riƙon foman.

"Ranki ya daɗe, ƙanina yana ciki. Bai yi bita ba."

Ba ta tsaya faɗa ba. "Ina aka aike shi? Wace hanya ya sani?"

"Ƙofar da muke shigowa. Ita kaɗai."

A can masu ceto suka same shi, kife a jikin wayar shinge, saura kaɗan ya kai ƙofar. Ya yi abin da kowa zai yi in bai sani ba, ya nufi inda ya shigo. Gas ɗin ya bi shi har can.

A barandar asibiti matar Mai Fenti ta saurari bayanin likita har ƙarshe, ta juya ga mijinta.

"Baban yara, ka ce mini ana koya musu kafin su shiga."

"Ana koyawa."

"To shi fa?"

Ta tashi ta koma kusa da matar Auta, wadda ke zaune da goyo.

An dakatar da kwangilar, an hana foman da Mai Fenti shiga masana'antar. Likita ya ce da an fito da Auta da wuri, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Mai karatu, bitar kare kai ba ta aruwa, kuma ba a taƙaita wa ɗan'uwa ita a hanya. Kada ka shiga wurin aiki mai haɗari, kada ka shigar da wani, sai ya zauna ya ji da kunnensa. In kuwa jiniya ta yi kuka aka rasa mutum, faɗa nan take, ko da aikinka zai tafi.

Likitoci sun ce huhun Auta ya fara karɓar magani. Batun idanunsa, sun ce sai an kwance bandeji.