Hayaƙin Taya

Mijina ya taka totur ɗin motarsa, injin ya yi ruri, tumakin Babana suka watse.

Haka ake yi a wajenmu, can bayan garin Dubbo. Mai sayar da taya ake raɗa wa abin da mai ciki ke ɗauke da shi, shi kuma ya ɗaura tayoyin da in sun ƙone a kan siminti za su ba da hayaƙi: shuɗi in namiji ne, ruwan hoda in mace ce.

Tun da na samu cikin nan mijina ya tare a gareji. Ya ɗora wa injin na'urar cusa iska har ta leƙo ta saman bonet. Ya sauya salansa. Kujerar baya ma ya cire ta, wai nauyi take ƙara wa mota.

"Duk don jaririnmu nake yi, masoyiya. So kike ya zo da ɗan hayaƙi kamar na sigari?"

"Sannu da hidima," na ce.

Yau ga shi yana juyi a tsakiyar fili, dangi sun bar gashin nama suna ihu. Tayar dama ta turnuƙe da shuɗi. Ya zuro hannu ta taga yana naushin iska.

Sai ya kalli madubin hagu, ya hango hayaƙin ɗaya tayar.

Ya kashe injin, ya fito yana tari, ya tsaya tsakanin shuɗi da ruwan hoda.

"Mai tayar nan kuskure ya yi?"

"Ko kaɗan," na ce, ina shafa cikina. "Su biyu ne. To, sarkin gudu, ina ka jefar da kujerar bayan?"