Maganin da Ya Riƙa Daskarewa a Sirinji

Karo na uku ke nan a mako guda maganin ya daskare a cikin sirinji. Farfesa ya ɗaga shi sama ya duba, ya matsa, ko ɗigo bai fito ba.

Shi wannan magani, matuƙar yana cikin sanyi, ruwa ne tsararo. Da zarar ya ji ɗumin jikin mutum sai ya yi kauri kamar ƙaro, ya riƙe ƙwayoyin halittar da aka zuba a cikinsa daidai inda aka yi allurar, har sababbin jijiyoyin jini su tsiro. An gwada shi a kan mutum goma waɗanda jini ba ya isa yatsunsu sosai. A wani asibiti aka yi musu allurar, saboda haka Farfesa bai san sunan kowa ba, sai lamba. Sakamakon Lamba Tara ya fi burge shi, har ya liƙa hoton jijiyoyin hannunsa a bango yana nuna wa baƙi.

Yanzu mutum arba'in ke jiran layi, kwamitin bincike kuma zai zo ranar Alhamis. Idan suka ga magani yana daskarewa tun bai shiga jiki ba, an rufe gwajin ke nan.

Aka sauya firij. Aka kawo sababbin sirinji. Mataimakiyar Farfesa ta sake auna haɗin har sau biyar. Duk a banza.

Babu wanda ya zargi dattijon da ke cika sirinjin, domin shekara shida ba a taɓa samun matsala daga teburinsa ba. Baba Ƙanƙara ake ce masa, saboda duk wanda ya yi musabaha da shi sai ya yarfe hannu don sanyi, har abokan aiki suka koma gaishe shi daga nesa. Tun da ya dawo daga hutu wata uku da suka wuce kuwa, sai fara'a yake yi. Ya daina rungumar kofin shayi, safar hannunsa ta ulu ma ya yi mata ritaya a aljihun tebur.

"Baba, kai kaɗai ke murmushi a gidan nan," in ji Mataimakiya. "Ko gado ka ci ba mu sani ba?"

"Haba 'yata, da na ci gado za ki gan ni a nan da sassafe?"

Ranar Laraba Farfesa ya tsaya a kan dattijon yana kallon kowane motsi. Babu kuskure ko ɗaya, amma maganin ya sake daskarewa. Farfesa ya yi ajiyar zuciya, ya ce gara ya dakatar da gwajin da kansa kafin a dakatar masa. Ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana godiya. Da ya zo kan dattijon, ya manta da ƙa'idar gidan, ya miƙa masa hannu.

Sai Farfesa ya ƙi sakin hannun. Ya juya tafin, ya taɓa yatsun, ya dubi sirinjin da ke kan tebur.

"Baba, ina sanyin ya tafi?"

Dattijon ya sunkuyar da kai yana 'yar dariya. Farfesa ya kasa jiran amsa, ya ɗaga murya ya ce a kawo kwanon ƙanƙara yanzu-yanzu, Baba ya riƙa tsoma hannu kafin ya taɓa sirinji.

"Ranka ya daɗe, cewa aka yi kada mu gaya wa kowa," in ji dattijon, yana nuna bango. "Amma hoton can da kake nuna wa baƙi, ai hannuna ne."