Taku Uku

Tun kafin saurayin nata ya ɗaga labulen ɗakin jinyar, cikinta ya sanar da ita zuwansa. Turaren da ita da kanta ta saya masa bara ne ya fesa. Tun da aka fara yi mata ƙarin ruwan maganin ciwon daji, ƙamshi kaɗan ya isa ya juya mata hanji. Ta kanga yankin lemun tsami a hanci kamar yadda nas ta koya mata, ta gyara ɗankwalin da babu gashi ko ɗaya a ƙarƙashinsa.

"Ranki ya daɗe, yau har da kwalliya?" ya ce da murmushin yaƙe.

"Ta asibiti ce. Me Ummanka ta ce kan aurenmu?"

Ya tsura wa ledar maganin da ke ɗiga ido. "Wai a bari ki gama tukuna, a ji abin da likita zai ce kan haihuwa, sannan a sa rana."

"Kai fa, me ka ce?"

"Ai kin san ina son ki."

Ba abin da ta tambaya ba ke nan. Amai ya taso mata, duk da ƙwayar da ta sha da safe.

"Don Allah ɗan ja baya. Turaren ne."

Taku ɗaya ya wadatar. Ya yi uku, har bayansa ya taɓa labule, ta kuma ji ajiyar zuciyar da ya sauke.

"Gobe zan zo ba turare."

Ta gyaɗa kai. Hannunta ɗaya da allura a ciki, ɗayan yana riƙe da robar amai. Ba ta da na ukun da za ta riƙe masa riga.