Awon Gidan Umma

"Riƙe nan, Umma, kada ki saki."

Tsohuwar ta danne bakin tef ɗin awo a kusurwar katanga, Auta ya ja shi zuwa ƙofar gida yana rubuta lambobi. Ya ce mata gyara zai yi, zai buɗe mata taga babba a ɗaki. Ƙarya ce, kuma tun da ya faɗe ta bai iya haɗa ido da ita ba.

Auta mai zanen gine-gine ne. Yana da ɗan ofis a saman wani shago, da ma'aikata biyu, da injin buga zane da ya fi shi tsufa. Ya samu aikin zana makaranta, amma ba zai yiwu ba sai da sababbin kwamfutoci da albashin ma'aikata na wata shida. Gwamnati ta fito da rance don irinsa: ita za ta tsaya masa a kashi tamanin, sauran ashirin ɗin ya kawo jingina. Shi kuwa ko kaza bai mallaka ba. Sai ya rubuta gidan mahaifiyarsa a fom, ya sa hannu cikin sauri, bai tsaya karanta ƙananan rubutun ƙasa ba. Saura awon fili da takardar gidan, kafin Juma'a.

"Marigayi babanka in zai yi taga, daga cikin ɗaki yake awo," in ji Umma. Magini ne, shekara talatin ta yi tana riƙe masa tef.

"Zamani ya canza, Umma."

"To, Allah ya taimaka."

Ya lura da shuɗin tabo a babban yatsanta, ya ɗauka biron jikoki ne. Takalminta na fita unguwa yana bakin ƙofa, alhali ita da ƙyar take zuwa ko asibiti.

Da ta shiga kicin ɗora masa ruwan zafi, ya lallaɓa ɗakinta kamar ɓarawo. Ya san gwangwanin da take ajiye takardu, a ƙasan zannuwa. Ya buɗe. Ga katin asibiti, ga hoton babansa, ga sakamakon jarabawarsa na firamare a ninke. Takardar gida babu ita.

Ya zauna a bakin gado, kunya ta rufe shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da ya same ta da ya ɗauka.

Ranar Alhamis ya tafi banki don ya janye buƙatarsa. Gara ofis ya rufe, ya ba ma'aikatansa haƙuri, da ya sake shiga ɗakin nan.

Jami'ar rancen ta duba shi ta saman tabarau. "Janyewa kuma? Ai fayil ɗinka ya cika, awo kawai muke jira."

"Ban kawo takardar gidan ba."

"Ƙa'ida ce mu kira mai gida mu ji ko ya yarda, yana nan a ƙasan fom ɗin da ka sa wa hannu." Ta juyo masa da fayil ɗin. "Mahaifiyarka ta ce autanta ba ya iya roƙo, kada mu matsa masa."

Takardar gidan ce a sama, a ƙarƙashinta takardar amincewa mai shuɗin dangwalen yatsa, da kwanan watan Litinin, kwana biyu kafin ya miƙa wa Umma bakin tef.