Shafin Farko na Gobe

Da azahar aka sauko mini da shafin farko na jaridar gobe in ɗora a inji. Shekara talatin ina bugawa, karatuna bai taka kara ya karya ba, amma sunan mijin 'yata ba ya ɓace mini.

Na bi layin da yatsa. Wai jami'an leƙen asiri sun kama wakilinmu jiya da yamma da bindigogi a motarsa. Yammar da ake nufi ko zuwa ba ta yi ba.

Na haura ofis ina haki. Surukin nawa yana zaune yana kwashe takardunsa.

"Kai, tashi ka bi ta ƙofar baya! Edita ya sayar da kai."

"Edita ai ɗan aike ne, Baba. Zauna ka huta."

"Ka ga abin da suka rubuta kuwa?"

"Ni na rubuta. Labari biyu jami'an suka sa na rubuta, suka ce in zaɓa. Ɗayan sunan 'yarka ne a ciki."

Na sauko na kunna inji. Kwafi dubu ashirin suka fito tas, ko ɗaya bai lalace ba.